Taswirar da na zana ce ke da son kai, ko abokaina ne ba sa jure kaye?

Wani ƙanenmu daga wani ƙauye a ƙasar Auyo ta jihar Jigawa ya aiko da tambaya. Ya ce a shagon cajin waya na garinsu akwai tsofaffin laftof guda huɗu da aka haɗa su da juna da kebul, kuma bayan sallar isha'i, muddin batirin sola bai yi ƙasa ba, sukan buga Age of Empires II, wasan kwamfuta na gina gari da tara dukiya da yaƙi, biyu da biyu. Shi ne ya zauna ya zana musu taswira da hannunsa: kogi ya ratsa tsakiya kamar yadda kogin Hadejia ya ratsa ƙasarsu, gari biyu a arewa a kan tudu, gari biyu a kudu a cikin fadama, da mashigi uku na ƙetarewa. Ya ƙirga zinare da dutse da tumaki da itatuwa, ya ba kowa daidai da na ɗan'uwansa. Amma cikin wasa 10 'yan arewa sun ci 7, yanzu masu kudu sun ce taswirar maguɗi ce, har wani ya rantse ba zai sake taɓa ta ba. Shi kuma yana ganin zafin kaye ne kawai. Wa ke da gaskiya, kuma ta yaya ake gane taswira mai adalci?

Ƙanena, 7 cikin 10 ba ta tabbatar da komai ba. Amma daga bayanin da ka yi da bakinka, ina ganin abokanka sun fi ka kusa da gaskiya, ko da yake ba lallai ne dalilin da suke kawowa ya zama shi ne ainihin ciwon ba.

Mu fara da lissafin, tunda shi kowa ke riƙewa. Ɗauki tsabar kuɗi ka jefa sama sau 10. Yiwuwar ɗaya daga cikin fuskokin biyu ta fito sau 7 ko fiye ta kai kashi 34 cikin 100, kusan sau ɗaya ke nan cikin uku. Ko wasa 100 kuka buga a taswirar da ba ta da aibi ko kaɗan, tsakanin mutane masu ƙarfi ɗaya, ba abin mamaki ba ne a tashi 55 da 45. To balle ku, da ba ƙarfinku ɗaya ba. A taswirar da aka zana da hannu, wurin kowa a ɗaure yake da lambarsa, mai lamba ɗaya kullum inda ka ajiye shi zai fito. Wanda ya buɗe wasan shi ya fi zama a lamba ɗaya, kuma a yawancin shaguna mai buɗe wasa shi ne gwanin wurin, ko mai shagon, ko kai da ka zana taswirar. In haka ne, ba arewa ce ke cin wasa ba, mutumin da ke zama a arewa ne. Ka kuma dubi injinan kansu. A cikin laftof huɗu na hannu da wuya a rasa wadda ke sandarewa da zarar sojoji sun cika fuska, ko wadda mawus ɗinta sai an danna sau biyu yake ji. In mai wannan kwamfutar kullum kudu yake, taswirarka tana ɗaukar laifin da ba nata ba.

Wannan duka yana gefenka. Ga abin da ba ya gefenka.

Ka ce ka ƙirga komai ka raba daidai. Kai ɗan Auyo ne, ka san rabon gona. A kawo igiya a auna, kowane magaji ya sami kadada ɗaya cif, amma rabon wani ya faɗa bakin fadama inda zai yi shinkafa da damina ya yi alkama ko tumatir da rani, na wani kuma ya faɗa jigawa can nesa da hanya inda sai gero da riɗi. Igiya ba ta yi ƙarya ba, amma ba wanda zai ce an yi daidai. Yawan dukiya shi ne abu mafi sauƙin daidaitawa a taswira, shi ya sa duk sabon mai zane ke tsayawa a kansa. Abin da ke cin wasa kuwa shi ne inda dukiyar take, da tsawon tafiyar da za a yi kafin a kai gare ta, da wanda zai iya hana ka taɓa ta.

Ɗauki itace. Ma'aikaci a farkon wasa guda 10 kawai yake iya ɗauka, sai ya taka zuwa rumbun itace ya sauke ya komo. Rumbun kansa itace 100 ne. Mutum biyu, kowa ka ba shi bishiya 200. Na farko nasa a dunƙule suke, daji mai kauri a bayan gari: rumbu ɗaya zai daɗe yana yi masa aiki, kuma dajin ya zame masa katanga kyauta. Na biyu nasa a warwatse suke, biyar nan, takwas can: ma'aikatansa rabin lokacinsu a tafiya yake ƙarewa, yana ta sake gina rumbu, kuma ko'ina a buɗe yake ga mahayan abokin gaba. A takarda 200 da 200 ne.

Zinare ya fi haka tsanani. A taswirar Arabia da aka saba, kowane ɗan wasa yana samun babban tarin zinare mai gurbi 7 (gurbi shi ne ɗan murabba'i guda na filin taswira) kusa da gari, da ƙanana biyu masu gurbi huɗu-huɗu can gaba, kowane gurbi 800. Duk wanda ya daɗe yana wasan ya san abin da ake fara dubawa da zarar doki ya zagaya gari: babban zinaren nan a gaba yake, ta fuskar maƙiyi, ko a baya? Wanda nasa ke baya yana haƙa hankali kwance. Wanda nasa ke gaba, maharba biyar sun isa su tashe shi daga kai, kuma ba zinare ba barade, ba ƙarin maharba, ba ma 200 ɗin da ake haɗawa da abinci 800 a shiga zamani na uku cikin matakan ci gaba huɗu na wasan. Haka dutse: babbar kagara 650 take ci, kai kuma da 200 ka fara, don haka wanda aka hana shi dutsensa an hana shi kagara. Buɗe taswirarka ka duba tsakani da Allah, mashigan nan uku, a gefen kudu ina suke ɓullowa? In ɗaya ya ɓullo dab da zinaren wani, alhali a arewa sai an wuce gari kafin a ga zinare, to ka ga ruwan da bai yi tsami banza ba.

Har aladen daji biyu da ake ba kowa, masu abinci 340 kowanne, wurinsu magana ce. In na kudu yana kusa da mashigi, dokin leƙen asirin arewa zai iya jan sa ya gudu da shi tun wasa bai yi nisa ba. Gidan gari, wato babban ginin da kowa ke farawa da shi, yana fitar da ma'aikaci ɗaya ne duk daƙiƙa 25, a kan abinci 50. Wanda abincinsa ya yanke na rabin minti ya rasa ma'aikaci guda, kuma wannan gurbin ba ya cikewa, sai dai ya yi ta haihuwa har zuwa minti na ashirin, lokacin da mutum zai ga an fi shi sojoji bai san daga ina abin ya faro ba.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai a bayaninka shi ne tudun. Ka ɗora arewa a sama don ta yi kama da gida, kuma na fahimci dalilin, taswira mai kama da ƙasar mutum ta fi daɗin kallo. Sai dai a wannan wasan tudu ba ado ba ne. Wanda ke sama yana ƙara kashi 25 cikin 100 a kan bugunsa, wanda ke ƙasa yana dukan na sama kuma ana rage masa kashi 25. Soja iri ɗaya, makami iri ɗaya, wannan yana bugun 125 wancan yana bugun 75, biyar da uku ke nan. A tsakiyar tudun, inda kowa ke kan bene ɗaya, ba bambanci. Bambancin yana gangare ne, kuma gangaren taswirarka a bakin kogi yake, daidai inda dole kowane yaƙi ya faru tunda hanya uku ce kawai. Ɗan kudu ya fito daga ruwa, sojojinsa a jere cikin ƙunci, yana hawa, maharban arewa na tsaye a kan gaɓa suna jiransa. Ɗan arewa in ya ƙetara, fili yake tararwa shimfiɗe. In abin ya yi masa zafi ya ja da baya ya hau gaɓarsa, wanda ya biyo shi ya shiga tarko. Ƙara da hasumiya ko kagara a kan wannan gaɓa, ita ma tana cin moriyar tudun. Ko zinaren kudu ya ninka na arewa, wannan gaɓar za ta ci gaba da cin mutane.

Wataƙila ka ce ai fadama ma tana da nata amfanin. Tana iya samu, in ka ba ta. Kifi babban abu ne a Age of Empires II, domin tashar jirgi, mai cin itace 150, tana fitar da jiragen su a lokaci guda da gidan gari ke fitar da ma'aikata, kamar mutum yana da gari biyu ne tun a zamanin farko. In akwai tafkuna masu kifi a kudu waɗanda jiragen arewa ba sa iya shiga, to an ba kudu wani abu a madadin tudu. In kuwa kifin duk a cikin kogin yake, kowa na iya kaiwa, fadamarka suna ce kawai.

Kada ka ɗauka wannan rigimar ta shagonku ce kaɗai. StarCraft, wani wasan yaƙi irin naku, ya fito a 1998 da ƙabilu uku da ba su yi kama da juna ba, Terran da Zerg da Protoss. Gyaran ƙarshe da kamfanin Blizzard ya yi wa ƙarfin sojojin wasan a 2001 ne. Daga nan aka ci gaba da buga shi a matsayin sana'a a Koriya ta Kudu shekara da shekaru, ana nunawa a talabijin, ba tare da an sake taɓa ƙarfin soja ko ɗaya ba. Masu zana taswira ne suka riƙe ma'aunin. Sun gano cewa in ƙofar sansani na biyu ta yi faɗi har ba a iya toshe ta da gini biyu-uku, Protoss ba ya iya faɗaɗa tattalinsa a gaban Zerg. Sun gano cewa in akwai tsauni a saman wurin haƙar ma'adinai, kamar a tsohuwar taswirar Lost Temple, Terran zai sauke tankokinsa masu dogon zango a can ya hana kowa aiki. Tsawon hanya tsakanin gida da gida, faɗin ƙofa, wurin sansani na uku, da waɗannan ake ɗaga ƙabila ko a kwantar da ita. A StarCraft II ma, wanda ya fito a 2010, taswirorin farko irin su Steppes of War sun sha suka saboda gidajen sun yi kusa har hari na isowa kafin mutum ya shirya, kuma daga baya yawancin taswirorin da ake gasa a kansu 'yan wasa ne ke zana su, ta hanyar gasar zane ta Team Liquid, wani dandalin masoya wasan a intanet, inda ake gwada su a hannun ƙwararru kafin a karɓa.

Akwai wani ƙaramin abu a StarCraft ɗin nan da nake son masu zane su riƙa tunawa. Ginin sojan Terran yana da ɗan ƙarin ɗaki da ake liƙa masa, kuma kullum a gefen dama yake fitowa, ba ya canzawa. Saboda haka ko ka juya rabin taswira ka manna a ɗaya gefen, komai da komai iri ɗaya, wanda ya fito a wannan kusurwa ɗakinsa na cikin katanga, wanda ya fito a waccan nasa na waje inda za a fasa. Taswira ta yi daidai a ido, injin wasan bai ɗauke ta daidai ba. A naku wasan ma akwai irin wannan: ana kallon fili ne a karkace, don haka bishiyoyi da gine-gine suna ɓoye abin da ke bayansu, kuma ramin gurbi ɗaya a katanga ya fi saurin ɓacewa ido in yana bayan daji.

Yanzu ga inda nake ganin muhawararku ta cakuɗe. In mutum ya ce taswira ba ta da adalci, ba kullum abu ɗaya yake nufi ba. Wani yana nufin wurin da ya fito ya fi na abokin karawarsa muni, kuma wannan aibi ne na gaske, dole a gyara. Wani kuma yana nufin taswirar ta fi dacewa da wani salon yaƙi ko wata ƙabila, kuma wannan ba taswirar da ta tsira daga gare shi a duniya. Arabia fili ce a buɗe, masu dawaki da masu kai hari da wuri ke jin daɗinta. Arena kowa yana farawa ne a cikin ganuwar dutse, sai mai haƙurin tara dukiya da mai iya sarrafa kagara da manyan makaman rushe gini. Black Forest daji ne da 'yan ƙananan hanyoyi, a toshe a zauna a yi ta tarawa. Ba wanda ke cewa a soke Arena don mai son dawaki bai ji daɗinta ba. Taswira mai mashigi uku irin taka, ko ka daidaita gaɓoɓinta, za ta ci gaba da fifita maharba da hasumiya a kan barade, domin doki ba ya son ƙunci. Wannan halinta ne. In abokinka gwanin barade ne, yana da damar ƙin ta, amma bai kama ka da maguɗi ba. Maganin wannan ba a cikin manhajar zane yake ba, a tsarin zaɓe yake: ku tara taswira biyar ko bakwai, kowane ɓangare ya cire wadda ba ya so, a buga a sauran, kamar yadda ake yi a gasa.

Na ukun shi ne wanda aka ci shi kawai, yana neman inda zai rataya laifi. Shi ma kada ka kore shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wanda ya zauna a kudu ya sha kibiya ya san wani abu game da kudu da kai mai kallo daga sama ba ka sani ba. Abin lura shi ne, wanda ya sha kaye yakan faɗi wurin ciwo daidai, amma maganin da yake rubutawa da wuya ya yi daidai. Zai ce a ƙara musu zinare. Ka ƙara, gaɓar tana nan tana cin su a minti na goma sha biyar, in kuma suka tsira suka kai ƙarshen wasa sai arewa ta wayi gari zinarenta ya ƙare nasu bai ƙare ba. Ka haifi matsala ta biyu ba ka kashe ta farko ba. Karɓi ƙorafin, ka ajiye shawarar a gefe tukuna, ka tambaye shi: a wane minti, a wane wuri, me ka so yi ya gagara?

Su ma masu sukar ina da magana da su, in za ka kai musu. Cewa "taswirar nan banza ce" ba ta ba mai gyara abin kamawa. Mutum ya ce a wajen minti na 18 maharba sun tsaya a gaɓar mashigin tsakiya suna harbin masu haƙar zinarena, kuma ba inda zan kafa hasumiya ta kai su, wannan ita ce sukar da ake aiki da ita. Su kuma tuna cewa ba a biya ka ko sisi ba, cajinka da barcinka ka kashe. Rantsuwar daina bugawa ba ta gyara gaɓa.

To yaya za ka gwada? Abu na farko, ka fita daga cikin wasan. Kai ka san inda kowane tarin zinare yake, ka san inda ka ɓoye tumaki, ba ka buƙatar leƙen asiri, kuma wannan kaɗai fifiko ne da ya isa ya lalata kowane gwaji. Ko dai ka zama ɗan kallo, ko ka buɗe taswirar gaba ɗaya kowa ya zagaya ta ya gani kafin a fara. Sannan a riƙa buga wasa bibbiyu a matsayin ɗaya: mutanen nan dai, ƙabilun nan dai, a buga, sai a juya, na arewa su koma kudu, kowa yana kan kwamfutarsa. In ɓangare ɗaya na mutane ya ci duka biyun, sun fi ƙarfi ne, taswira ba ta ce komai ba. In kowa ya zauna arewa sai ya ci, kuma haka ta yi ta maimaituwa har da wanda kowa ya san shi ne raunin shagon, to magana ta ƙare. Irin wannan gwajin guda shida ya fi wasa talatin da aka buga kowa na zaune a inda ya saba.

Akwai kuma awon da ba ya buƙatar abokin karawa, ka yi shi da rana lokacin da sola ke da ƙarfi. Ɗauki doki ɗaya ka tura shi daga gidan gari zuwa kowane mashigi, kana duba agogon wasan, ka rubuta daƙiƙoƙin a takarda, arewa da kudu. Tura ma'aikaci zuwa daji mafi kusa, zuwa zinare, zuwa dutse. Sannan ka ƙirga gurbi nawa na katanga kowane gari ke buƙata kafin ya rufe kansa ruf. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi tona asiri. Sau da yawa za ka tarar wani gari da gurbi goma sha biyar ya kulle, wani kuma ko arba'in ba su ishe shi ba. Ka kunna naɗar wasa kuma, domin bayan kaye kowa da labarin da yake bayarwa, naɗin kuwa zai nuna maka ko gaɓa ce ta kashe mutum ko shi ne ya bar gidan garinsa zaune minti biyu ba ya fitar da kowa.

Akwai wata dabara da ta fi duk waɗannan sauƙi: wanda ya yi rabo shi ke ɗauka a ƙarshe. Ka ce da su, ni na zana, ku zaɓi gefe. In duk sanda aka ba mutane zaɓi sai su ruga arewa, har da masu kare taswirar da baki, ka sami amsarka ba tare da lissafi ba. Ka tambayi kanka ma, in an ce a sa katin waya a buga, wane gefe za ka ɗauka? Masu wasannin allo sun daɗe da sanin wannan. A wasan Hex akwai dokar da ta ba na biyu damar karɓe motsin farko na abokinsa in ya ga ya yi kyau da yawa, don haka na farko ba ya kuskura ya yi zari. A wasan Go ana ba mai farin dutse, wanda ke bi a baya, ƙarin maki 6.5 a Japan, 7.5 a Sin, saboda allo ko ya yi daidai ta kowace fuska, fara motsi fifiko ne.

Abin da ba na so ka yi shi ne ka ji haushin suka ka share komai, ka mai da taswirar fili fetal mai rabi biyu kamar an naɗe takarda. Za ta yi adalci, kuma ba wanda zai sake marmarinta. Ɗaya daga cikin taswirorin da suka fi shahara a cikin waɗanda 'yan wasa suka zana ita ce DotA, wadda wani mai laƙabin Eul ya fara a manhajar zanen taswira ta wasan Warcraft III a 2003, IceFrog ya karɓi ragamarta a 2005, har kamfanin Valve ya fitar da Dota 2 a 2013. Wannan salon na hanya uku da jarumai biyar-biyar da yara ke bugawa a waya, irin su Mobile Legends, daga can ya samo tushe. Gefenta biyu ba su taɓa zama hoton juna ba, dazuzzukansu daban, hanyoyinsu daban, kuma an yi shekaru ana jayayya a kan wane gefe ne ramin dodon nan Roshan ya fi kusa da shi. An matsar da ramin a ƙarshen 2016, a 2023 kuma aka yi masa rami biyu a kusurwa biyu yana kaiwa da komowa. Shekara ashirin ana gyaran taswira ɗaya, da kuɗi da ma'aikata da miliyoyin wasanni a rubuce. Taka wasa 10 ta yi.

Ka kuma tuna wa kake zana wa. Daidaiton da ya dace da ƙwararru ba lallai ya dace da ku ba. Ƙwararre in ya ga gaɓa ta gagara, zai yi jirgin ɗaukar sojoji ya sauka ta wani wuri, ko ya kawo makami mai dogon zango. In a shagonku ba wanda ya kai nan tukuna, faɗin cewa ai akwai mafita ba ya amfanar kowa. Mutum huɗun nan su ne ma'auninka.

Da ni ne, ga yadda zan taɓa ta. Zan ajiye ta farkon yadda take, in buɗe kwafi da sabon suna mai lamba biyu. A kwafin, abu ɗaya kawai zan canza: in tura gangaren arewa baya, nesa da bakin ruwa, ta yadda wanda ya ƙetaro zai sami fili ya jera sojojinsa kafin ya fara hawa, kuma maharbin da ke kan tudu ba zai kai mashigi da kibiya ba. Tudun yana nan, garin arewa na kansa, kamar gida. Sai a buga bibbiyu a gani. In har yanzu da saura, a kwafi na uku zan sa ɗan tsibirin tudu a gefen kudu kusa da mashigin tsakiya, ko tafki mai kifi a bayan kowane garin fadama, ɗaya daga ciki, ba duka ba. In ka canza abu huɗu a dare ɗaya wasa ya juya, ba za ka san wanne ya juya shi ba, kuma gobe 'yan arewa ne za su zo maka da rantsuwa.

Ta farkon ma kada ka goge ta. Duk shago akwai wanda ya fi kowa, akwai yaron da bai daɗe da koyo ba wanda ake cinyewa kafin ya gina barikin soja. Ranar da za su haɗu, ɗauko tsohuwar, a faɗa a fili cewa arewa ta fi, a ba yaron tudu, gwani ya sauka fadama ya nemi hanyar hawa.